Sai Mai Ya Yi Barci

Shekarun baya, ban daɗe da tarewa a Gusau ba, na naɗa kaina mai duban yanayi ba tare da kowa ya roƙe ni ba, kuma saura ƙiris in jawo wa yayana asarar da har gobe zai riƙa yi min gori a kanta. Abin da ya tuno min da labarin, jiya na ga ana ta muhawara a wannan shafin kan lokacin da ya kamata a fara hura wutar jin ɗumi a gida. Wasu sun ce da an gama yankan dawa, wasu sun ce sai ruwan randa ya fara cizon haƙori. Ni dai ina karantawa ina dariya, don a gidanmu na Bungudu tambayar nan amsarta ɗaya ce, kuma tana cikin wata tsohuwar kwalba a kan tagar mahaifiyata.

Inna muke ce mata. Kowace kaka, in an kawo sabuwar gyaɗa daga gonar kawunmu ta Kekun Waje, da kanta take soyawa, a kai niƙa, ta zauna ta matse ƙuli. Man farko da ya fito shi take cika kwalbar nan da shi, ta toshe, ta ɗora a tagar da rana ba ta bugawa. Daga ranar, kullum da safe in ta idar da lazimi sai ta ɗauko kwalbar ta karkata. In man ya gangara, sai ta mayar ta ce, "Idonai biyu." Wato man bai yi barci ba. Shi ke nan magana ta ƙare, ko haƙoranka na kaɗawa ba mai taɓa kaskon wuta. Sai ranar da ta kifa kwalba man ya ƙi motsi, ya yi fari ya daskare, ranar ce za ta ce mai ya yi barci, a je bayan rumbu a ɗauko kasko.

Hujjarta kuwa, wai wanda ya fara jin wuta tun sanyi na wasa, in na gaske ya zo ba shi da wurin gudu. Marigayi mahaifinmu ya yi roƙon duniya a kan dokar nan bai ci nasara ba. In sanyin asuba ya dame shi, sai ya ja bargonsa ya tafi wurin mai shayin bakin masallaci ya ɗana wutar wasu, ya dawo yana cewa shi ne maigidan da kwalba ke mulka.

To amma fa ranar fitar da kasko a gidanmu ƙaramar salla ce. Tun da sassafe kunun tsamiya na sabon gero ke fara zagayawa. Sai a ɗora faten tsaki, a yanka masa kabewa jajir, a zuba sure, wato yakuwa a bakin mutanen Kano, a daka gyaɗa a kaɗa a ciki har cokali ya tsaya. Ga hoce, wato gasasshiyar wainar sabuwar dawa, mai ɗan tsami-tsamin nan, da zafinsa. Ga dankali da gyaɗa mai ɓawo an tura cikin toka, kowa na gadin nasa da tsinke. Ita kuma kwalbar sai a jingina ta kusa da kasko, Inna ta ce a tashe shi a hankali. In ya narke sai ta bi kwanon kowa ta tsiyaya masa. Wallahi ina rubutun nan yawuna na tsinkewa.

Yanzu ga inda yayana ya shigo. Shi ne ɗan farin Inna, kuma kun san yadda iyayenmu na da suke da ɗan fari. Tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take ce masa, in ta yi sassauci ta ce "yayanku". In ya shigo ɗaki gaishe ta, bango take kallo tana amsawa. In ya zauna a tabarmar da take, sai ta tuna tana da aiki a madafa. Mu ƙanne muna kwanciya a cinyarta har da girmanmu, shi kuwa ko kallon kirki bai isa ya samu ba a gaban mutane.

Aiki ya kai shi Fatakwal, kuma hutunsa sau ɗaya ne a shekara, kullum da Babbar Salla yake ɗauka. Shekaru sun tura bai ga kasko ba. In na kira shi ina ba shi labarin faten da muka sha, sai ya ce in rufe masa baki, shi yana garin da mai bai taɓa barci ba. Wata rana dai ya ce min ya gaji, bana zai haƙura da Salla a gida, ya ajiye hutunsa sai lokacin kasko. Abin da yake so kawai in faɗa masa makon da zai rubuta, don su a wurin aikinsu tun da wuri ake tsayar da rana, kuma in an tsayar ba a ɗagawa.

Da ina da hankali da na ce ya tambayi manya. Ina! Nan take na gyara zama na hau lissafi. Na ce bara ai makon sunan ɗan ƙanwata aka fitar da kasko, bara waccan kuma ana gama sussukar wake, saboda haka mako kaza ba makawa. Ya ce in dai tabbata. Na ce masa in mai bai yi barci a makon nan ba ya sauya min suna. Bawan Allah ya yarda da ni, ya yi Sallarsa shi kaɗai a can, ya aiko mana da hoton wani ɗan naman da maƙwabta suka ba shi a leda.

Makon na zuwa na tattara na tafi Bungudu, zumuɗi kamar ni ce baƙuwar. Ƙanwata da ke aure a Tsafe ita ma ta iso da wata kabewa da sai da mai mashin ya ɗaure ta da roba a baya, ga dankali rabin buhu. Sai ga Yaya ya sauka da jakarsa, ya buɗe yana nuna mana kayan yaƙi: rigar sanyi mai kauri, hula mai rufe kunne, har da safar hannu. Muka yi ta ihu muna gwadawa. Inna kuwa da ya durƙusa gaishe ta, ta ce wa bango an zo lahiya, ta tashi ta shige madafa. Can ta kira ni ta ce in duba ko wancan ya samu ruwan wanka.

Abu ɗaya ne bai zo ba, shi ne sanyi. Zafin kaka ya kafa ya tsare, kamar an biya shi. Washegari da safe muka jeru a tsakar gida mu uku, manya da mu, muna kallon hannun Inna. Ta karkata kwalba, mai ya gangara sumul. "Idonai biyu." Na ce kada kowa ya damu, gobe ne. Gobe ta zo, idonai biyu. Jibi ma haka. Yaya ya daina kirana da sunana, ya koma ce min Malama mai duba, yana tambayata ko ƙasar da na buga ta jiƙe ne. Wata safiya har ya saka rigar sanyin da hular ya fito ya zauna, wai ko sanyi zai ji kunya ya zo. Bai kai ga shan kunu ba ya cire, zufa ta jiƙa masa singileti.

Muna dariya, amma ni na fara ƙirga kwanaki. Ranar Asabar motarsa za ta tashi daga Gusau da yamma, ga shi har mun shiga Alhamis. Kabewa na jingine a lungu tana kallona, ni ma ina kallonta.

Na sami Inna tana tsince wake, na zauna na fara kewaye-kewaye. Na ce ai dokar ma mutum ne ya kafa ta, na ce ai bana ce kawai, na ce ta dubi nisan da ya taho da Sallar da ya bari. Ta bar ni na gama tsaf, ko ɗagowa ba ta yi ba, sannan ta ce, "Dokar da ban karya ma ubanku ba, wa zan karya ma? Mutane su ce mi? Su ce don wancan yaz zo na hura wuta cikin zahi?" Ta ci gaba da tsintar wakenta. Na san Inna, in ta ƙeƙasa ƙasa ko Limamin gari aka ɗauko ba za ta tanƙwaru ba.

Na fito na tarar da Yaya a zaure, ashe ya ji komai. Na hau ba shi haƙuri, na ce in fate ne ni zan yi masa a Gusau, in hura masa gawayi a kaskon turarena ma in ya so. Ya yi murmushi ya ce in ƙyale ta kawai. Ya juya hular sanyin a hannu, sannan ya ce, "Ke kina ganin fate ya taho da ni tun daga can? Tun ina yaro, wurin kasko kaɗai nika zama kusa da ita ba ta tashi ba. Wuri ya yi kaɗan, kowa na son wuta, ba ta da inda za ta matsa."

Ni da na girma a gidan ban taɓa lura da haka ba, don ni kullum ina jikinta. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, kuma haushin kaina ya fi tausayin yawa, tunda dogon bakina ne ya zaɓa masa mako.

Daga nan fa shaiɗan ya kawo min shawara, na kuma karɓa hannu biyu. Maƙwabciyarmu, Hajiya muke ce mata, tana sayar da zoɓo da kunun aya masu ƙanƙara, tana da babban firji mai aiki da hasken rana. Na ja ƙanwata gefe na ce mu sace kwalba mu kai ta kwana a ciki, da asuba mu mayar. Ta ce ba ruwanta, ita ba ta shirya komawa Tsafe da baƙin jini ba, amma za ta raka ni. Muka je muka karanta wa Hajiya. Matar nan ta dafe ƙirji ta ce, "Ni in sa hannu cikin dokar Inna? Ku rufa min asiri, tun kuna cikin zane nike zaune lahiya da ita." Ta ba mu zoɓo ɗaiɗai ta sallame mu. Ko da ma ta yarda, kwalbar a tagar ɗakin Inna take, kuma Inna ko ƙadangare ya gifta sai ta san da shi.

Juma'a ta zo ta wuce, idonai biyu. Da la'asar na ga Yaya yana ninke rigar sanyinsa yana turawa can ƙasan jaka. Bai yi min tsiya ba ranar, kuma rashin tsiyar ya fi tsiyar ciwo.

Asabar da safe ko fita layin kwalba ban yi niyya ba. Ina kwance da zane ɗaya, ko mayafi ban ja ba don ba a buƙata. Sai na ji muryar Inna daga tsakar gida tana cewa, "Ke, taho ki duba min, ko idona na." Na fito ina jan ƙafa. Ƙanwata ta fito, Yaya ma ya leƙo daga zaure da asuwaki a baki. Inna ta ɗaga kwalba, ta karkata, ta kife ta gaba ɗaya. Mai ko gezau. Ya yi fari fat, ya daskare tun daga gindi har wuya.

"To," in ji Inna, "ya yi barci. A ɗauko kasko."

Ƙanwata ta rangaɗa guɗa sai ka ce an kawo amarya. Yaya ya jefar da asuwaki ya ruga bayan rumbu, mutum da gemunsa, har yana tuntuɓe da turmi. Ni kuwa tsalle na yi na fizge kwalbar daga hannun Inna ina cewa ai na faɗa, ai na faɗa, wa ya ce ban iya duba ba. Sai na ji tafin hannuna ya ɗauki sanyi irin wanda taga ba ta bayarwa. Kwalbar jiƙe take sharkaf, tana ta naso. Na juya gindinta, sai ga wata 'yar ƙanƙara ja manne a jiki, tana narkewa tana ɗiga a yatsana. Na kai hanci. Zoɓo ne, har da ƙamshin citta.

Na ɗago na kalli Inna. Ita ma ni take kallo, fuskar nan a ɗaure tamau, irin kallon da tun muna yara in ta yi mana shi a gidan biki muke ajiye naman da muka ɗauka. Ta miƙo hannu ta ce, "Kawo nan, kada ki tashe shi." Ta karɓa, ta goge gindin kwalbar da bakin zanenta, ta wuce. Na haɗiye maganata har da dariyar da ta taso min, saura kaɗan ta shaƙe ni.

Jama'a, ranar mun ji wuta. Rana ta fito tarwai, mu kuma muna zagaye da kasko a rumfa, gawayi ya yi jajir. Yaya ya zaro rigar sanyinsa daga ƙasan jaka ya saka, har da hula, ya ce ba zai kai ta Fatakwal ba a sa ba. Zufa na bin gemunsa yana kurɓar kunun tsamiya yana cewa kai, sanyin Bungudu ba wasa ba. Aka fasa kabewar Tsafe, fate ya hau wuta, ƙamshin sure da gyaɗa ya cika unguwa. Hoce na fitowa muna warwaso tun bai huce ba. Na ƙona yatsa wurin tono dankalina, na kuma tarar ƙanwata ta riga ta sace shi ta bar min ƙarami. Yaran maƙwabta suka leƙo suna mamaki, wani dattijo da ke wucewa ya ɗaga murya daga waje yana tambaya ko lafiya aka hura wuta a gidan nan. Inna ta ce a gaya masa mai ya yi barci, in yana da ja ya zo ya tambayi kwalba.

Hajiya mai zoɓo ma ta shigo karɓar rabonta. Ta zauna nesa da kasko tana fifita da gefen mayafi, tana cewa lallai sanyin bana ya zo da wuri. Na kafa mata ido. Ta kalli rumfa, ta kalli kaji, ta kalli kwanonta, ni dai ba ta yarda mun haɗa ido ba har ta fita.

Amma abin da na fi tunawa ba abincin ba ne. Da aka zo zama, ni da ƙanwata muka baje a tabarma da gangan, muka cinye wuri, ya rage gurbi ɗaya tak a gefen Inna. Yaya ya zo ya zauna a hankali kamar mai tsoron fasa ƙwai. Na saci kallon gefensu. Inna ba ta tashi ba. Ba ta tuna da wani aiki a madafa ba. Ta jingina kwalba kusa da wuta har man ya farka, ta bi kwanoni tana tsiyayawa, da ta zo kan nasa sai hannunta ya ɗan daɗe. Can kuma ta tono wani dankali babba daga toka, ta ɓare shi tas, ta ajiye a gefen faranti ta wajensa, ta kalle ni ta ce in ba wanda bai samu ba. Kowa a wurin yana da dankali a hannu in ban da mutum ɗaya. Yaya ya ɗauka yana ci, idonsa ya kawo ruwa, ya ce hayaƙi ne. Gawayin kuwa ya daɗe da daina hayaƙi.

Bayan azahar na raka shi Gusau. Muna cikin mota mun wuce gonakin da aka yanke dawa an jingina, sai ya juyo ya ce min, "Malama mai duba, man ƙulin bana ko da zoɓo anka matse shi?" Na ce ban san zancen ba. Ya ce shi ma bai sani ba. Muka fashe da dariya har direba ya waigo, daga nan ya juya yana kallon taga har tasha.

Sanyin gaske sai da aka kwana biyu da tafiyarsa sannan ya sauko, kuma ya zo da ƙarfinsa. Ba wanda ya tayar da maganar kwalba. Kasko dai ya riga ya fito, aka ci gaba da hurawa safe da yamma, a fitar da shi waje kafin a kwanta kamar yadda Inna ta saba.

Yanzu ni ma ina da kwalbata a tagar madafa a Gusau, yarana na yi min dariya, maigidan na cewa ya auro mulkin kwalba. Kuma tun daga shekarar na daina yi wa mutane hukunci da abin da bakinsu ke faɗi. Na girma ina ganin kamar Inna ba ta damu da Yaya ba, har a raina ina ɗan jin haushinta a kan haka. Ashe matar da ba ta iya furta sunansa ita ce za ta ɗauki kwalba a ɓoye, da girmanta da dokarta, ta je ta roƙi maƙwabciya wuri a cikin firjin zoɓo. Duk lokacin da na tuna sai in ji dariya da ƙwalla sun taho min tare.

Inna na nan da ranta, ta tsufa, amma kwalba na taga. Bara da na je fitar da kasko, muna zaune mu biyu, na ga ta sake, sai na ce bari in gwada sa'ata. Na ce, Inna, shekarar nan da Yaya ya zo, tsakaninki da Allah, man nan da kansa ya yi barci ko sa shi aka yi?

Ta ɗauki tsinke ta gyara garwashi. Sannan ta ce, "Ke dai kin cika surutu tun kina ƙarama. Shi wancan, ya ci ya ƙoshi ko bai ƙoshi ba?"

Na ce ya ƙoshi, Inna.

Ta ce, "To."